Yadda Za Ka Tafiyar Da Shekararka Ta Farko A Jami'a, Mataki-Mataki

Duk lokacin da sabuwar shekarar karatu ta kama, tambayoyin da ke zuwa mini kusan iri ɗaya ne. Wani ya sami gurbi amma bai san ta inda zai fara ba. Wata ta ce ita ce ta ɗaya a ajinsu na sakandare, ga shi gwajin farko a jami'a ya zo mata da makin da ba ta taɓa gani ba. Iyaye ma suna tambayar abin da za su faɗa wa yaro kafin ya ɗauki jaka. Tushen maganar ɗaya ne. A jami'a babu mai tashinka da safe, babu mai duba ko ka yi rubutu, babu mai sanar da gida idan ba ka shiga aji ba. Aikin sa ido da iyaye da malamai suka yi maka shekara da shekaru ya dawo hannunka, kuma ba a koyonsa gaba ɗaya, sai bi da bi. Ga yadda nake ganin ya dace a jera shi. Da "kai" nake magana don sauƙi, amma har da ke, 'yar'uwa.

1. Makon farko: takardu kafin komai

Kafin ka yi aboki ko ɗaya, ka gama da rajista. Tara duk takardunka a fayil guda: takardar shaidar samun gurbi, rasit na kowane kuɗi da ka biya, takardun sakamakonka, hotunan fasfo. Ka yi wa kowace kwafi biyu, sannan ka ɗauki hotonsu da waya ka ajiye a intanet. Google Drive yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ya ishe ka. Rasit ɗin da ka raina yau shi za a nema a shekararka ta ƙarshe.

Daga nan ka nemi abu uku: littafin dokokin ɗalibai, kalandar karatu ta shekarar, da sunan malamin da aka ɗora wa ba ajinku shawara. Littafin dokokin ba shi da daɗin karantawa, na sani, amma a cikinsa aka rubuta yawan halartar aji da ake buƙata kafin a bar ka ka zauna jarrabawa (a jami'o'i da yawa kashi 75 cikin 100 ne), da makin da idan ka gaza shi za a yi maka gargaɗi ko a sallame ka. Daga kalandar kuma ka cire ranaku huɗu ka sa su a wayarka da ƙararrawa: ranar rufe rajista, ranar ƙarshe ta ƙara kwas ko janye shi, makon gwaji, da ranar fara jarrabawa.

Kwana ɗaya kafin a fara lakca, ka ɗauki jadawalinka ka taka da ƙafa zuwa kowane ɗakin da aka rubuta. Ka san inda laburare yake, da asibitin makaranta, da ofishin sashenku.

Gargaɗi: kada ka ba kowa lambar sirrinka ya yi maka rajistar kwasa-kwasai a bayan idonka. Idan dole sai an taimaka maka, ka zauna a wurin, ka duba lambar kowane kwas da idonka, ka buga takardar a sa hannu. Akwai waɗanda suka yi zango guda suna shiga aji, suka rubuta jarrabawa, sakamako ya fito babu sunansu saboda lamba ɗaya da aka shigar ba daidai ba. Kuma duk wanda ya tare ka ya ce ka ba shi kuɗi ya "gaggauta" maka wani abu, ka wuce shi ka tambayi ofis.

2. Ka iya lissafin makinka da kanka

Wannan matakin ɗalibai da yawa ba sa yinsa sai a shekara ta biyu, bayan aikin gama ya gama. Kowane kwas yana da nauyi, wato yawan yunit ɗinsa. Ana ninka makin harafin da ka samu da yunit ɗin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Wasu jami'o'i suna aiki da ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ne, wasu 5. Mu ɗauki na 5, inda A ke da 5, B 4, C 3, F kuma 0.

A ce kwas huɗu ka yi. Mai yunit 3 ka ci A, wato 15. Wani mai yunit 3 ka ci C, wato 9. Mai yunit 2 ka ci B, wato 8. Mai yunit 1 ka faɗi. Jimilla 32, a raba da 9, ka tashi da 3.56. Yanzu juya abu ɗaya: ka ci C a mai yunit 1, ka faɗi mai yunit 3. Jimilla ta koma 26, ka tashi da 2.89. Haruffan ba su canja ba, inda suka faɗa ne ya canja. Saboda haka idan lokaci ya ƙure maka, kwas mai nauyi ne ke da haƙƙin sa'o'inka, ba wanda ya fi maka daɗi ba.

Sannan makin yana taruwa ne tun daga zangon farko. A karatun shekara huɗu mai yunit daidai kowace shekara, wanda ya gama shekarar farko da 2.5 yana son ya fita da 3.5, sai ya riƙa cin kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, alhali kwasa-kwasan ƙara tsauri suke yi. Masu cewa shekarar farko ta hutawa ce ba su yi wannan lissafin ba.

Gargaɗi: makin gwaji da aikin gida da ake tarawa kafin jarrabawa ba ƙaramin kaso ba ne. Ka tambayi kowane malami a makon farko nawa ne nasa. Maki goma da ka zubar saboda ba ka miƙa aiki ba na iya zama tsakanin B da C.

3. Zana makonka a takarda

Mako yana da awa 168. Ka cire barci, awa 8 sau 7, saura 112. Ka cire lokutan lakca, ibada, cin abinci, wanka da wanki, da zirga-zirga. Abin da ya rage shi ne jarinka, kuma za ka yi mamakin yawansa.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kowace awa ɗaya ta lakca tana buƙatar kimanin awa biyu na karatu a wajen aji. Mai lakcar awa 15 a mako ke nan yana da bashin awa 30. Ba kowane mako za ka cika ba, amma gara ka san girman bashin.

Kada ka rubuta "karatu" kawai a jadawali. Ka rubuta kwas, da babi, da wuri: Talata, ƙarfe 10 zuwa 12, laburare, tambayoyin babi na uku. Giɓin da ke tsakanin lakca da lakca, awa ɗaya nan, awa biyu can, shi ne lokacin da ya fi salwanta a hira, kuma shi ya fi albarka domin kanka bai gaji ba tukuna. Kayan aikin ba su da tsada: Google Calendar kyauta ne, ƙaramin littafin aljihu ma ya wadatar. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Gargaɗi: duk lokacin da ka ƙiyasta wa aiki, ka ƙara rabinsa a kai. Ɗan Adam ya saba raina tsawon aikin da ke gabansa, ko da ya sha yin irinsa. Kuma ka bar yini ɗaya ko rabin yini babu komai a ciki. Jadawalin da aka cika maƙil ba ya kai mako biyu.

4. Kuɗi: raba shi ranar da ya shigo

Ko iyaye ke turo maka, ko tallafi ne, ko guminka, hanyar ɗaya ce. Ranar da kuɗin ya shigo, ka fara cire abin da ba makawa: wurin kwana, mota, kayan karatu, data. Ka ware kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana ka sa a inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Sauran ka raba shi gida-gida daidai da makonnin da zai ɗauke ka, kada ka taɓa na mako mai zuwa.

A watan farko ka rubuta duk abin da ka kashe, komai ƙanƙantarsa. Ba don ƙwauro ba, don ka ga inda yake zurarewa. Galibi ba babban abu ke cinye kuɗin ɗalibi ba, ƙananan nan ne na kullum: buga takardu, data, ɗan abin taɓawa, "ara mini zan ba ka gobe".

Kada ka sayi littafi ko ɗaya kafin ka shiga lakcar farko ta kwas ɗin. Ka ji wanne malamin zai yi aiki da shi da gaske, ka duba laburare, ka tambayi 'yan ajin da ke gabanku ko suna da na hannu. Kwamfuta ma haka: ka bari sai ka ga abin da sashenku ke buƙata kafin ka zuba kuɗi.

Gargaɗi: manhajojin ba da rance a waya da na caca sun fi kowa sanin cewa sabon ɗalibi yana da waya kuma babu mai sa masa ido. Ruwan da ke kan irin wannan rancen yana da yawa, cacar kuma an gina ta ne don mai ita ya ci riba. Haka nan duk harkar da aka ce ka zuba kuɗi su ninku cikin mako, ko ka kawo mutum biyu a biya ka. Kuɗin makaranta kuwa, ranar da aka ba ka ranar za ka biya.

5. Sauya salon karatu

A nan zan daɗe, domin a nan ne haziƙan sakandare suke tuntuɓe. Can, malami yana maimaita abu har ya zauna. Nan, zai faɗa sau ɗaya ya wuce, abin da aka yi a zango guda a sakandare ana iya gama shi a mako biyu.

Kafin lakca: minti goma sha biyar sun isa. Ka leƙa kanun babin, ka ga kalmomin da ba ka sani ba. Kunnen da ya taɓa jin kalma ya fi saurin kama ta.

Cikin lakca: ka zauna a inda kake ji kake gani, wayar kuma a cikin jaka. Kada ka yi ƙoƙarin rubuta duk abin da ya fito daga bakin malami. Akwai tsarin rubutu da Walter Pauk ya fito da shi a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950, har yau ana amfani da shi. Ka ja layi a tsaye ka raba shafi biyu, ɓangaren dama mai faɗi, na hagu siriri, ka bar 'yan layuka a ƙasa. A dama kake rubutu lokacin lakca. Bayan an tashi, a hagu ka rubuta tambayoyin da rubutun dama ke amsawa. A ƙasa ka taƙaita shafin da kalmominka cikin jimla biyu ko uku.

Bayan lakca: ka koma kan rubutun a ranar, ko washegari idan ya yi nisa. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa. Minti ashirin a daren yau sun fi awa biyu bayan wata guda. Sai ka sake waiwayarsa bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata.

Yadda za ka waiwaye shi kuma shi ne babban sirrin. Ka rufe ɓangaren dama da hannu, ka karanta tambayar hagu, ka amsa daga kanka, sannan ka buɗe ka gani. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai kashi biyu, wasu suna ta maimaita karanta rubutu, wasu ana sa su tuno shi ba tare da dubawa ba. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu tunowa suka wuce su. Ka lura da tarkon: maimaita karatu yana sa ka ji kamar ka iya, domin idonka ya saba da shafin, amma a ɗakin jarrabawa babu shafin. Wani nazari da John Dunlosky da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya auna hanyoyin karatu goma. Gwada kai da rarraba karatu a kan kwanaki su ne suka zo a sama, ja wa layi kala da maimaita karantawa suna cikin na ƙasa. Abin takaici, waɗannan na ƙasan su ne ɗalibai suka fi so.

Idan kwas ɗinka mai yawan hadda ne, manhajar Anki tana jera maka katunan tambaya tana dawo da kowanne a lokacin da ka kusa mantawa. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake saya. Idan kuma matsalarka zama wuri ɗaya ce, ka gwada dabarar da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro yana ɗalibin jami'a a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na aiki babu taɓa waya, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu ka yi dogon hutu.

Ka nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya tun tsakiyar zango, ka amsa su da agogo a gabanka. Karatun rukuni yana da amfani idan ba ku wuce huɗu ko biyar ba, kuma kowa ya karanta kafin ya zo.

Gargaɗi: kwafo aikin wani, ko daga intanet, ko sa manhaja ta rubuta maka ka miƙa da sunanka, laifi ne da ke iya kai wa ga kora. Ka tambayi kowane malami abin da ya halatta a kwas ɗinsa. Kada kuma ka ba aboki aikinka "ya duba kawai". Idan aka kama iri ɗaya, ku biyu za a hukunta.

6. Mutane

Abokin ɗaki: ku yi maganar a makon farko, tun ana dariya. Ƙarfe nawa ake kashe fitila, wa ke shara yaushe, ana kawo baƙi ko ba a kawowa, me ake ara me ba a ara. Abin da ba a faɗa ba a makon farko, da faɗa ake faɗarsa a wata na uku.

Abokai: waɗanda ka haɗu da su a layin rajista ba lalle su ne na dindindin ba, kuma babu laifi a haka. Ka gaisa da kowa, amma ka ɗan jinkirta kafin ka buɗe cikinka. Ka duba yadda mutum ke yi da lokacinsa da kuɗinsa da sirrin wasu, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Za ka zauna da mutanen da harshensu da addininsu da tarbiyyarsu suka bambanta da naka. Ka yi tambaya fiye da yadda kake yanke hukunci. Ba sai ka bar naka ba kafin ka iya zama da su lafiya, kuma a ganina wannan yana cikin manyan abubuwan da shekarar ke koyarwa, ko da yake babu mai ba ka maki a kai.

Malamai: yawancinsu suna da lokacin da suka ware don ganin ɗalibai a ofis, kuma sau da yawa babu mai zuwa. Ka je da tambaya takamaimai: "Malam, na gwada wannan lissafin, a nan na maƙale." Wannan ya fi "ban gane komai ba". Idan saƙo za ka tura, ka yi gaisuwa, ka faɗi sunanka da kwas ɗinka, ka taƙaita.

Gida: ka tsayar da ranar kira a mako. Yana kwantar wa iyaye hankali, kai ma yana rage maka kiran da zai same ka a tsakiyar lakca.

Ƙungiyoyi: ɗaya ta isa a zangon farko, biyu idan ka ga da sarari.

Gargaɗi: duk ƙungiyar da ke taro a ɓoye, ko take neman rantsuwa, ko ta ce za ta ba ka kariya, ka yi nesa da ita tun daga gayyatar farko. Haka duk wanda ya nemi wani abu daga gare ki ko gare ka a madadin maki, ko wane ne shi. A adana saƙonnin, a kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ka koyi cewa "a'a, ina da abin yi" ba tare da dogon bayani ba. Sau biyu na farko ne masu nauyi.

7. Jiki da zuciya

Matashi mai shekara 18 zuwa 25 yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana, don haka wanda ya kwana karatu ya shiga jarrabawa ya cuci kansa ta fuska biyu. Sinadarin hana barci da ke cikin kofi da lemukan ƙara kuzari yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ka yi lissafin na yamma da kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri ma tana ciki.

Kewar gida za ta zo, galibi bayan ɗokin makonnin farko ya wuce. Wani tunani ma zai zo, cewa kowa ya fi ka ƙwaƙwalwa, kai kuskure aka yi aka ɗauke ka. Masana halayyar ɗan Adam Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi rubutu a kan wannan tun 1978, kuma a cikin mata masu hazaƙa da nasara suka gano shi. Wanda ke kusa da kai yana gyaɗa kai a lakca, wataƙila shi ma bai gane ba.

Gargaɗi: akwai bambanci tsakanin kewa da ciwo. Idan ka yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci ko cin abinci ya rikice, abin da kake so da ya daina burge ka, ka je asibitin makaranta ko sashen ba da shawara. Idan tunanin cutar da kanka ya zo, ranar za ka faɗa wa wani, ba gobe ba. Ƙwayar da aboki ya ce tana "buɗe kai" kuwa, kada ka karɓa.

8. Sakamakon farko, da abin da za ka yi a hutu

Akwai yiwuwar wani maki ya zo maka ba yadda ka so ba. Ka ba kanka kwana ɗaya ka ji haushi. Washegari ka nemi ganin takardar idan dokar makarantarku ta yarda, ka rarraba kurakuran gida uku: abin da ban karanta ba, abin da na karanta ban gane ba, da abin da na sani amma lokaci ko gaggawa ta ci ni. Na farko matsalar jadawali ce, ka koma mataki na 3. Na biyu na malami ne da rukunin karatu. Na uku maganinsa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo. "Zan ƙara ƙoƙari" ba tsari ba ne, domin bai faɗi abin da zai canja ranar Litinin ba.

Kada ka ɓoye wa wanda ke ɗaukar nauyinka. Ka je masa da sakamakon da kuma abin da ka shirya yi. Maganar tana da ɗaci, amma ba ta kai ta shekara ta uku ba, lokacin da ƙarya ta riga ta yi 'ya'ya.

A hutun zango ka zauna da takarda awa ɗaya. Ka lissafa makinka da kanka ka gwada da na makaranta, domin ana yin kuskure, kuma gyara yana da wa'adi. Ka duba littafin kashe kuɗinka ka ga wane mako ne ya fi ci. Ka rubuta ɗabi'a ɗaya da za ka bari da ɗaya da za ka ɗauka, ɗaya-ɗaya kawai. Idan kuma zuciyarka ta fara gaya maka cewa fannin nan ba naka ba ne, kada ka yanke hukunci da kwas ɗaya mai wuya. Ka yi magana da mai ba ajinku shawara da 'yan shekarar ƙarshe na fannin, ka tambayi sharuɗɗan sauya sashe da lokacin da ake karɓar takardar nema, domin galibi sau ɗaya ake buɗewa a shekara kuma ana duba maki.

Gargaɗi: idan ka faɗi wani kwas, shi za ka fara sawa a rajistar zangon da ake bayar da shi, kafin sababbi. Ka duba ko lokacin lakcarsa ya ci karo da wani, ka kuma duba iyakar yunit ɗin da aka yarda ka ɗauka, sannan ka kai wa mai ba da shawara ya sa hannu kafin ranar rufewa.